Kafin ka leƙa tukunya, dubi bahon wanke-wanke

Babu unguwar da ba ta da teburin mai shayi, kuma babu tasha ko kasuwar da ba ta da rumfar mai tuwo-tuwo. A nan ɗan adaidaita sahu yake karyawa, a nan gwauro da ɗalibi da leburan gini suke cika ciki da garau-garau ko ɗanwake a kan kuɗin da ba zai sayi kofin lemo a babban otal ba. Wuraren nan suna rufa wa miliyoyin mutane asiri, saboda haka ba wanda zai ce a daina zuwa. Abin da ake so shi ne mutum ya san inda zai sa ido idan ya je.

Yawancinmu tukunya muke kallo: miyar ta ji mai? Naman da girma? Alhali abincin da aka sauke daga wuta yana tururi shi ne mafi aminci a rumfar, domin zafi yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Matsalar tana farawa ne bayan an sauke.

Zagaya bayan rumfa ka ga baho biyun nan. Ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya, an cika su tun da hantsi daga jarkar ɗan ga-ruwa. Kafin azahar ruwan ɗaurayar ya koma launin ƙasa, manja na yawo a samansa, ƙwayoyin shinkafa sun kwanta a ƙasa. Yarinya ta tsoma faranti sau ɗaya, ta goge da tsumman da ke rataye a kafaɗarta tun safe, ta miƙa a zuba maka. Cokalin da ke hannunka ya shiga bakin mutane da yawa kafin kai, kuma wannan ruwan ne kaɗai ya shiga tsakaninku. Haka kwanon wankin hannu da ake zagayawa da shi: na farko ya wanke, na goma ya kwashi dauɗar tara. Ka nemi buta a zuba maka ruwa yana gudu, da sabulu ko da ɗan omo ne.

Kwalara, wato amai da gudawa, da zazzaɓin taifot da nau'in ciwon hanta na A da E duk hanyarsu ɗaya: ƙazantar bayan gida ta samu shiga ruwa ko abinci, ta hannun da ba a wanke ba, ko ƙuda, ko rijiyar da ke kusa da masai. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Damina ce lokacinta, sa'ad da kwatoci ke cika suna malala.

Don haka abin da bai ga wuta ba shi ne abin tsoro. Latas da kabeji da tumatir da ake barbaɗawa a kan shinkafa da wake, da wane ruwa aka wanke su? Wasu lambunan bayan gari da ruwan kwata ake ba su ruwa. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar da aka jefa ciki fa? Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Abin shan da ba ka san mai haɗa shi ba, gara ka haƙura.

Sai lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin firji ba. Shinkafar da aka zuba a kula da ƙarfe bakwai na safe, ta yi ɗumi-ɗumi har la'asar, ta zama gonar ƙwayoyin cuta, kuma akwai wadda gubarta ba ta mutuwa ko an sake ɗumamawa. Ba lallai ta yi tsami ko wari ba. Ka je lokacin da ake saukewa, ka zaɓi rumfar da ake layi, inda tukunya ba ta daɗewa.

Mai shayi ya fi samun sauƙi tunda ruwansa kullum a kan wuta yake. Amma duba gwangwanin madarar da aka huda tun jiya, ƙudaje na zagaye bakinsa, da ƙwan da aka soya sama-sama saboda ana sauri. Ka ce, "Malam, a soya shi ya soyu sosai," ba zai ji haushi ba. Ka kuma lura da hannun da ya karɓi tsohuwar naira ɗari, ya koma ya kama burodi.

Akwai kuma masu ha'inci, ko da yake ba su ne mafi yawa ba. NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu jefa farasitamol a tukunya don ganda ko nama ya yi saurin laushi a rage itace, abin da ke iya lalata hanta da ƙoda. Man suyar da ya yi baƙi ƙirin yana kumfa, an juya shi ya fi a ƙirga. Wannan ido na gani.

A da, jin cewa duba-gari na tafe ya isa a share rumfa a rufe randa. Yau a wurare da yawa sai dai mai saye ya zama duba-garin kansa. "Inna, don Allah a ɗauraye mini da sabon ruwa" magana ce da ba ta zubar da mutuncin kowa, kuma mai sana'a da ta ji ta daga bakin mutum biyar za ta canja ruwan.

Idan kuwa an ci, gudawa ta tsinke kamar ruwan shinkafa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen ƙwayoyi a kemis. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba shi ana tafiya asibiti, domin kwalara na iya kashe babban mutum cikin 'yan awoyi. A kuma faɗa wa ma'aikatan lafiya inda aka ci abincin, saboda sauran da suka ci a wurin.