Garken Taurarin da Ya Daina Haihuwa

Taurari ma haifar su ake yi. Suna zaune ne garke-garke, kowane garke da miliyoyi ko biliyoyin taurari, wanda masana ke kira galaksi. A cikinsa iskar haidirojin mai sanyi takan dunƙule har ta zama sabon tauraro. Garken da ranarmu take ciki yana haihuwa har yau, amma akwai waɗanda suka daina.

To, yaya za a gane haka daga nesa? Ta hasken da suke aiko mana. Mun ga yadda gilashi mai kusurwa uku ke raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo. Haka masana ke yi wa hasken garke. Sababbin taurari masu zafi suna haska iskar da ke kewaye da su, sai wasu layuka masu ƙyalli su bayyana a cikin launukan. In babu layukan, alama ce haihuwa ta tsaya.

Matsalar ita ce sararin samaniya yana faɗaɗa, don haka hasken da ya taso daga nesa yakan miƙe a hanya har ya wuce launin ja, ya koma wanda ido ba ya gani, wato infarad. Irin wannan hasken ne na'urar hangen nesa ta James Webb take kamawa. An harba ta ranar 25 ga Disamba, 2021, tana kuma nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya.

A 2024, masana a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cambridge ta Ingila suka sanar da wani garke da Webb ta hango kamar yadda yake shekara miliyan 700 kacal bayan farkon sararin samaniya, wanda yanzu ya kai shekara biliyan 13.8. Tun a wannan ƙuruciyar ya riga ya daina haihuwa!

Me ya tsayar da shi? Masana suna zargin baƙin rami da ke tsakiyar garke, ko fashewar manyan taurari, domin duka biyun suna iya korar iskar waje. In iska ta dawo, haihuwa na iya farfaɗowa.

Abin ya shafe mu, domin iskar garkenmu ma ba za ta dawwama ba. Ranar da malamin kimiyya ya sake fito da gilashin nan, mu matsa kusa mu duba da kyau.