Tsohon allon talla a gonarka: yadda ake gyara shi ba tare da an cutar da kaji ko kifi ba

Duk wanda ya fara kiwo da ƙaramin jari ya san ba a raina tsohon ƙarfe. Da yawanmu a cikin birni, ko dai a zauren gidan gado muka tarar da tsohon allon talla, ko muka sayo shi da araha wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, wani ya tare akurki da shi, wani ya ce zai goge ya rubuta sunan gonarsa. To kafin ka ɗauki samfefa, tsaya ka gane wane iri ke hannunka, domin iri biyu ne.

Na farko shi ne mai ruwan tangaran, irin na langa da samira da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki. Ba fenti ba ne, garin gilashi ne aka narkar a kan ƙarfen da wuta mai zafin kusan digiri 800. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant suka kafa kantuna, irin waɗannan alluna na tallan keke da sabulu da keken ɗinki suka yaɗu. Za ka ji shi da nauyi, yana ƙyalli, inda ya bugu kuma ya ɓantare kamar langa, baƙin ƙarfe ya fito. Wannan kada ka kuskura ka yi masa fenti. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma sun isa. Wurin da ya yi tsatsa ka jiƙa tsumma da ruwan khal ko lemon tsami ka ɗora na ɗan lokaci, ka goge a hankali, ka ɗauraye, ka busar sarai, sannan ka shafa kakin zuma ko man goge mota. Masu tara kayan tarihi sun fi son sa da tabonsa, don haka kai shi Kasuwar Kurmi wajen masu kayan gargajiya a taya ya fi ka sayar a kilo.

Na biyu shi ne falankin kwano da aka yi wa fenti, shi ne ya fi yawa, kuma nan haɗarin yake. Tsohon fenti, musamman ja da rawaya, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Amurka tun 1978 ta hana sa ta a fentin gida, amma allon da ya daɗe ba ka da tabbas a kansa. Kaza kuwa kun san halinta, duk abin da ya faɗo sai ta tsattsaga. Idan ta ci ɓawon fentin, dalmar na taruwa a jikinta har ta shiga ƙwai, ƙwan da yaranka za su ci, kwastoma ma ya ci. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400. Shi ya sa a ganina irin wannan kwanon bai dace da jikin akurki ba ko kaɗan, balle a rufe tankin tarwaɗa da shi.

Idan allon gona za ka yi da shi, fitar da shi nesa da keji da tanki. Ɗauki hotonsa da waya tukuna in kana son maido da rubutun asali. Sa takunkumi, shimfiɗa leda a ƙasa, ka riƙa jiƙa shi kana gogewa da samfefa, ban da gugar bushe, ban da ƙona fentin da wuta, domin ƙurar da hayaƙin su ne gubar. Dattin da ya taru ka ƙulle a ledar. Ruwan wankin kuma kada ya bi kwatar da kajinka ko na maƙwabta ke sha; lungunanmu na cikin birni kwata ɗaya ce ke ratsa gidaje da yawa.

Lanƙwasa a miƙar da ita da gudumar katako, ƙaramar huda mai walda zai toshe. Daga nan sai jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke fara shafa wa ƙofa, gaba da baya, mutane na yawan mantawa da bayan. A bar shi ya kwana. Fentin mai shafi biyu marasa kauri ya fi ɗaya mai kauri, kuma kada a yi ranar da hazo ya sauko, ƙura za ta manne. Rubutun a bai wa mai zanen allo: sunan gona, abin da kake sayarwa, lambar waya da manyan baƙaƙe.

Wurin kafawa ma da lura. Warin kashin kaji da danshin tanki na cin ƙarfe da sauri, don haka a bakin ƙofar gida za ka kafa shi, ka sa guntun roba tsakanin ƙusa da allon don kada tsatsa ta sake farowa daga hudar.