ƘWAYOYIN TAFARNUWA: SHIN SUNA MAGANIN KITSEN JINI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a kwanakin nan ƙwayoyin tafarnuwa sun yawaita a kantunan magani da hannun 'yan talla, ana cewa suna narkar da kitsen jini, watau kolestarol, suna kuma tsare zuciya. Har an sami waɗanda suka ajiye maganin da likita ya rubuta musu suka koma kansu. Saboda haka ya kamata mu duba al'amarin da idon basira, domin rai amana ne.

Da farko dai tafarnuwa halal ce. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Abu Ayyub al-Ansari ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko haramun ce, sai ya nuna masa ba haramun ba ce, warinta ne kawai ba ya so. Domin warin ne aka hana wanda ya ci ta ɗanya kusantar masallaci, Sayyidina Umar kuwa ya yi umurni a kashe warin da dafuwa. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya ambaci amfaninta, ya kuma ambaci cutarwarta. Ashe ke nan malaman farko ba su ɗauke ta maganin kome da kome ba.

Wannan wari kuwa yana da asali. A shekarar 1944 wani masani a Amurka, Chester Cavallito, da abokin aikinsa suka ware sinadarin da ake kira alisin, wanda ke samuwa sa'ad da aka daka tafarnuwa ko aka tauna ta. Shi ne mai warin, shi ne kuma ake kyautata zaton yana ɗauke da yawancin amfanin. Amma ba ya daɗewa, zafin wuta yana lalata shi. Don haka ƙwayoyin da ake sayarwa ba ƙarfinsu ɗaya ba: wata garin tafarnuwa ce, wata manta ce, wata kuwa an jiƙa ta watanni har warin ya gushe.

To, mene ne gwaji ya nuna? A shekarar 2007 masana na Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Christopher Gardner, suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a kan mutum 192 waɗanda kitsen jininsu ya ɗan hau. Aka raba su kashi 4: masu cin ɗanyar tafarnuwa, da masu shan ƙwayoyi iri biyu, da waɗanda aka ba abin da babu tafarnuwa a cikinsa. Bayan wata 6 ba a ga wani bambanci na kirki ba a wajen mugun kitsen nan mai toshe jijiyoyi. Gaskiya ne wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan sauƙi kaɗan, haka nan a wajen masu hawan jini. Amma sauƙin bai kusa da na magungunan likita da ake kira sitatin ba, waɗanda kan rage mugun kitsen da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, aka kuma tabbatar suna rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Akwai kuma haɗari. Tafarnuwa mai yawa takan jinkirta daskarewar jini. Wanda ke shan asfirin ko warfarin, in ya haɗa da ƙwayoyin nan, zai iya fuskantar zubar jini. Wanda za a yi wa tiyata lalle ne ya gaya wa likita, domin a dakatar da shi tun da sauran kwanaki.

Ya kai ma'aikaci mai wuni a kan kujera, kitsen jini ba ya ciwo, ba a gane shi sai da awon jini a asibiti. Jin daɗin jiki ba hujja ba ne na barin magani. Ka ci tafarnuwarka a miya, ka rage kitse da soye-soye da gishiri, ka bar taba, ka yawaita tafiya a ƙasa, ka riƙe abin da likita ya ba ka. Neman magani a wurin masaninsa ba ya warware tawakkali.

Kai kuma ɗan kasuwa, sayar da ƙwayoyin nan ba laifi ba ne. Amma in ka ce wa mai saye suna warkar da ciwon zuciya, ko ka sa ya bar maganinsa, to, ka yi algus, shari'a kuwa ta haramta algus. Ribar da za ta jawo wa ɗan'uwanka shanyewar jiki ba ta da albarka.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.