Daga Ɗan Doka Zuwa Ɗan Sanda A Ƙasar Jahun

Duk wanda ya manyanta a ƙasar Jahun zai iya tuna zamanin da ba a cika ganin ɗan sandan Gwamnati a ƙauye ba. A lokacin nan Jahun gunduma ce ta En'e ta Kano, tsaron lafiyar jama'a kuwa yana hannun Hakimi da dagatai da masu unguwanni, da dogarai da 'yan doka. Ɗan doka shi ne ɗan sandan En'e. Daga baitulmali a ke biyansa albashi, shi ke kai sammaci, shi ke tsaron kasuwa da kulkinsa, shi ke rakiyar kuɗin haraji da jangali, in an kama ɓarawo kuma shi zai kai shi gaban Alƙali. Aikin ba na ƙasƙanci ba ne, gama marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe sarautar Wakilin Doka, watau shugaban 'yan dokan Kano, kafin ya tafi Sanagal jakada, ya dawo ya zama Sarkin Kano a 1963.

Ƙarfin ɗan doka shi ne ɗan ƙasa ne. Ya san hanyoyi da burtali, ya san gidan kowa, yana jin harshen mutane. To, amma a nan kuma rauninsa ya ke, don wanda ya ɗauke shi aiki shi ke iya korarsa. Bayan da aka kafa jam'iyyun siyasa, 'yan hamayya, musamman na NEPU wadda aka kafa a Kano a 1950, sun yi ta kukan ana sa 'yan doka suna takura musu. Saboda irin wannan kuka ne, da soja suka karɓi mulki a 1966, aka sa a bincika al'amarin, cikin 'yan shekarun da suka biyo kuma aka shigar da 'yan doka cikin Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, wadda aka kafa tun 1930. Tsarin Mulki na 1999 ya ƙarfafa wannan a sashe na 214, inda ya ajiye runduna ɗaya tak domin ƙasa duka. A Amurka kuwa ba haka su ke yi ba: a yawancin gundumominsu jama'a ke zaɓen babban mai tsaron doka da ƙuri'a, shi kuma ya ɗauki mataimakansa.

Tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, hedkwatar 'yan sandan jihar tana Dutse, Jahun kuma tana da nata caji ofis. Saurayin Aujara ko Harbo ko Kale da ke son wannan aiki, hanya biyu ce gabansa. Ta farko ita ce ya shiga a kurtu. A ɗaukar da aka buɗe a 2023, an nemi mai shekara 18 zuwa 25, mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama ɗaya ko biyu, tsawonsa kada ya gaza mita 1.67 in namiji ne, ko mita 1.64 in mace ce. Sa'an nan sai duba takardu, da jarrabawa, da awon likita, kafin a tura shi horo a makaranta irin Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Ta biyu ita ce Makarantar Horon Manyan 'Yan Sanda ta Wudil, inda a ke yin shekara biyar a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufritanda. Neman shiga kurtu kyauta ne. Wanda duk ya ce a kawo kuɗi ya sama wa yaro gurbi, macuci ne.

To, a nan ne magana ta zo kan malaman makaranta da akawuna. Ana raba guraben kurtu ne bisa ƙananan hukumomi, yaron da ya faɗi Turanci ko Lissafi kuwa tun daga ƙofa za a mai da shi, kome tsawonsa, kome ƙarfinsa. Malami shi ya san yaro mai gaskiya da haƙuri tun yana aji, ya kamata ya nuna masa hanyar nan da wuri, ya tsaya masa kan darussan nan biyu. Akawu kuma ta hannunsa takardar shaidar ɗan ƙasa ke bi. In ya yi wa baƙo ita don abin hannu, ya hana ɗan Jahun rabonsa. In kuwa manya suka sa hannu suka tsaya wa yaron da suka san mugun hali gare shi, sun ɗora wa talakawa azzalumi na shekara talatin da biyar.

Shi kuma mai neman aikin ya sani ba lalle a ajiye shi a garinsu ba, ana iya tura shi Ikko ko Fatakwal. Akwai tsaron dare, akwai shiga tsakanin manomi da makiyayi lokacin kaka sa'ad da rai ya ɓaci, akwai kuma ranar da ɗan'uwansa ne zai yi laifi. Wanda ya shiga don ya tsaya bakin hanya yana karɓar na goro, gara ya zauna ya riƙe gonar ubansa. Wanda ya shiga don tsare amana kuwa, ya haɗa sanin jama'a irin na ɗan doka da bin doka ba sani ba sabo, shi ne irin ma'aikacin da ƙasar nan ke bukata.

Allah ya ba mu masu riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.