Guntun ƙarfen da ke ƙasan injin kwale-kwale: abin da matafiya ta Gaya ba sa dubawa

Matashin da ya tashi a Sanam ko Filinge, a ƙasar Kurfai, ya san rijiya da tafkin damina da busasshen kwarin Dallol Boso, amma kogi baƙonsa ne. Sai ga shi hanyar cirani zuwa Kwatano ko Lome tana kai shi bakin ruwa a Gaya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar ɓangarenta a rufe. Mutane da kaya suka koma tsallaka Kogin Neja a kwale-kwale mai inji, wasu matasan ma suka zuba jarinsu a sana'ar.

Mai sayen inji, musamman na hannu, yakan saurari ƙararsa, ya duba hayaƙi, ya tambayi ƙarfin doki nawa ne. Yamaha mai doki 15 da mai doki 40 su ne suka cika ruwayen Afirka ta Yamma. Da wuya ya sunkuya ya dubi can ƙasa, inda wani faffaɗan ƙarfen alminiyam mai siffar fiffiken kifi ya zarce farfela. Aikinsa biyu ne. Shi ke fara cin karo da dutse ko tudun yashi kafin farfela ta taɓa su, kuma shi ke riƙe jirgi ya miƙe, ya kuma bi hannun matuƙi idan an karkata inji.

Ba kowace illa ce abin tashin hankali ba. Idan bakin ƙarfen ya ɓantare kamar faɗin yatsa, kwale-kwalen katako mai ɗauke da buhuna ba zai nuna wani bambanci ba, don gudunsa bai kai inda irin wannan ke tasiri ba. A goge wurin da zarto ya yi sumul, shi ke nan. Duk bakaniken da ya ce sai an sauya ƙasan inji gaba ɗaya saboda wannan, ciniki yake nema.

Lanƙwasa ita ce matsala. Ƙarfen da ya karkace ko da kaɗan yana tura ruwa gefe guda, sai jirgi ya riƙa janye wa dama ko hagu. Matuƙi zai yini yana kokawa da sandar tuƙi, kafaɗa ta yi tsami, mai kuma ya riƙa tafiya fiye da kima saboda injin ba ya tura jirgi kai tsaye. Idan kuma rabin ƙarfen ya tafi, farfela ta zama tsirara, juya jirgi ya yi nauyi, musamman lokacin da aka rage wuta za a tsaya a gaɓa cikin cunkoson wasu jiragen. A jirgin da aka cika wa mutane da babura har ruwa ya kusa bakinsa, jinkirin juyawa na daƙiƙa biyu ba wasa ba ne.

Abin da ya fi tsada kuwa ba a ganinsa da ido. Dukan da ya isa ya karya wannan ƙarfe yana iya lanƙwasa sandar da farfela ke juyawa a kanta. Daga nan inji ya fara karkarwa, robar da ke hana ruwa shiga akwatin giya ta cinye, ruwa ya gauraya da mai. Alamar a bayyane take: a kwance ƙusar ƙasa ta man giya, idan man ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Wanda ya ci gaba da aiki a haka, haƙoran giyar ne za su biya, kuma inji na iya mutuwa a tsakiyar kogi.

Lokacin da aka fi samun wannan ɓarna sananne ne. Kogin yana yin ƙasa sosai a watannin Mayu da Yuni, kafin ruwan damina ya iso, yashi kuma ya daɗe yana cike shi. A Yunin 1985 har tsayawa ya yi da gudu a Yamai. A irin waɗannan watanni matuƙin da ya san aiki yana ɗaga inji idan ya kusanci gaɓa, ya ƙarasa da gora.

Wajen gyara ma ana yin kuskure. Alminiyam ɗin zubi ne, idan aka sa masa guduma da sanyinsa don a miƙar da shi, sau da yawa karyewa yake yi. Walda kuma sai wurin mai injin waldar alminiyam, ba mai haɗa ƙofa da taga ba, kuma sai an zubar da man giya an cire robobin, don zafi yana lalata su. Akwai rigar ƙarfe mara tsatsa da ake ɗaura wa a kai da ƙusoshi, amma ba ta maganin tsagewar da ta hau zuwa jikin akwatin giya.

Ɗan ciranin da zai tura kuɗi a saya wa ƙaninsa inji yana iya neman hoto ɗaya ta WhatsApp: a ɗaga injin, a ɗauke shi daga baya, a ga ko ƙarfen na tsaye daidai da jikinsa, sannan a nuna launin man giyar a tafin hannu.