Gyaran Tsofaffin Kayan Katako a Makarantu

Gabatarwa

Tun bayan da aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya a Nijeriya a shekarar 2004, yawan ɗalibai ya ƙaru a makarantun firamare, amma kujeru ba su ƙaru daidai da su ba. Malamin da aka tura ƙauyukan Kankiya ko Kusada a Jihar Katsina zai iya tarar da yara zaune a ƙasa, alhali ga tarin bencina da tebura an jibge a lungun aji. Da yawa daga cikinsu gyara kawai suke buƙata.

Dalilan Lalacewa

Katako yakan sha laima ya kumbura da damina, sa'an nan ya bushe ya tsuke da hunturu. Wannan sauyi shi ke haifar da tsagewa da kwancewar ƙusoshi. Sai kuma gara, wadda ke cinye katako ta ciki ta bar bayansa lafiya lau. Don haka kafinta kan fara ƙwanƙwasa shi. Idan ya ji amon rami, ya san wurin ya ciwu, sai a yanke a sa sabo, domin ciko ba ya ɗaukar nauyi.

Matakan Gyara

Da farko akan kankare tsohon fenti, a goge da samfefa mai kaushi, ana bin tsawon jijiyar katakon. Gugar da ta gitta jijiya takan bar zane wanda fenti ba ya ɓoyewa. Daga nan sai a shafa maganin gara, a bari ya bushe.

Bayan haka sai ciko. Akan kwaɓa lallausan garin katako da gam, a dandanna shi cikin ramin ƙusa ko tsaga har ya ɗan yi tozo, saboda yakan lotsa in ya bushe. An fi son garin ya fito daga irin itacen da ake gyarawa, don launi ya dace. Rami mai zurfi sau biyu ko uku ake cika shi, ana jiran kowane ya bushe. Babbar tsaga kuwa, siririn katako ake fiƙewa, a shafa masa gam a cusa.

Itace irin maɗaci yana da ƙananan ƙofofi a fuskarsa, waɗanda kan sa bakin alƙalami ya huda takarda. Irinsa akan shafe shi duka da kwaɓi mai ruwa-ruwa, a share ragowar. In ya bushe, sai a bi da samfefa mai laushi kafin fenti.

Kammalawa

Malami ba kafinta ba ne, amma sanin waɗannan matakai zai ba shi damar tantance abin da zai gyaru kafin ya kai wa shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai shawara. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.