Kuɗin Gidan Zango da Hanyarsa ta Zuwa Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, wannan bayani ne a kan wanda ya sayar da gida a Zangon Kumasi, nasa ko na gado, yana nufin ya kawo kuɗin ƙasar Hausa.

A zamanin Turawa abin ba wuya, gama fam iri ɗaya ake ci daga Kumasi har Kano. Falke ya zuba kuɗinsa a lalita, ya kamo hanya. Amma Ghana ta buga nata fam a 1958, Nijeriya ta buga nata a 1959. A 1961 Ghana ta kafa dokar hana fitar da kuɗi sai da izini, a 1965 kuma ta fito da sidi. Da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardar zama kwana 14 su fita, cikin Nuwamba 1969, mutane da yawa suka sayar da gidajensu a wulaƙance. Ga takardun kuɗi a hannu, amma ba mai karɓarsu a kasuwar Kurmi. Tun daga nan fatake suka gane, cinikin gida bai ƙare ba sai kuɗin ya wuce ƙofa uku.

Ƙofa ta farko hakkin hukuma. Ghana tana karɓar haraji a kan ribar da aka ci wajen sayar da gida. Mai hankali yakan biya, ya adana rasit tare da takardar ciniki, domin su ne shaidarsa idan banki ya tambayi asalin dukiyar. Wanda kuwa ya ɗauko tsabar kuɗi da ya haura dala 10,000, wajibi ne ya bayyana wa kwastan a bakin iyakar Nijeriya, in ba haka ba ana iya ƙwacewa.

Ƙofa ta biyu canji. Yawan sidi ba shi ne yawan naira ba, wanda ya ƙidaya riba kafin canji kallon kitse yake yi wa rogo. Hukuncin canji kuwa hannu da hannu ne a zama ɗaya. Wanda ya miƙa sidi yau, aka ce ya karɓi naira bayan wata guda, ya taɓa riba ta jinkiri, ya kuma jefa dukiyarsa cikin hatsari.

Ƙofa ta uku hakkin Allah. A wurin malaman Malikiyya, kuɗin gidan zama ko na gado sai ya shekara a hannun mai shi, tun daga ranar karɓa. In ya kai nisabi, a fitar da ɗaya cikin 40. Harajin hukuma ba ya ɗauke zakka. Idan kuma gidan na gado ne, kowane magaji a kai masa rabonsa, mace da namiji, na Kumasi da na Kano.

Allah Ya sa albarka cikin abin da ya iso gida, amin. Tammat.